Ƙarya Mai Sharaɗi

Duk wanda ya taɓa zama cikin masu kallon fim a Wudil, ko a gidan kallo ko a kan benci gaban shagon masu tura finafinai a waya, ya san kalmar da ta fi saurin fita daga bakin jama'a: "Ƙarya!" Wani ya faɗe ta da dariya, wani da tsaki. Abin lura shi ne inda take fitowa. Superman zai tashi sama ba fiffike, ya tallafi jirgi da hannu ɗaya, kowa ya yi tsit yana kallo. Amma da zarar ya saka tabarau ya taje gashi, ya shiga ofishin jaridar da yake aiki da sunan Clark Kent, Lois Lane kuma da ta sha kallon fuskarsa ido da ido ta kasa gane shi, sai ɗaki ya ɗauka. Mutumin da ya yarda ɗan'uwansa ya tashi sama, ga shi ya ƙi yarda da tabarau.

Ni dai ina bayansa. Tashi sama abu ne da fim ya roƙe mu tun farko mu amince da shi: yaron ba ɗan duniyar nan ba ne, daga wata duniya da ta tarwatse aka turo shi. Mun ji, mun karɓa. Amma ba inda aka ce mana Lois Lane ba ta gani; ce mana aka yi 'yar jarida ce mai bin diddigi. A garin da ake gane mutum da tafiyarsa tun yana tsakiyar gada, ake gane shi da tarinsa ta bayan katanga, baƙo kuma ba ya kwana biyu ba a san wanda ya sauke shi ba, asirin Clark Kent ba zai ga Juma'a biyu ba.

Bahaushe bai tara duk maganar da ba ta faru ba ya kira ta da suna ɗaya. Akwai tatsuniya, akwai almara, akwai hikaya, akwai zuƙi-ta-malle, ga kuma kirari, inda ɗan dambe zai tsaya a fili ya kira kansa abin da kowa ya san ba shi ba ne, a kuma yi masa guɗa. Ba a taɓa jin an ja mai kirari gaban malam an ce ya tuba daga ƙarya ba. Abin da ya raba waɗannan da ƙaryar da ake wa'azi a kanta shi ne izini. Mai tatsuniya ba ta farawa sai ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku", ba ta kuma ci gaba sai yara sun amsa "Ta zo mu ji ta". In ta kai ƙarshe sai ta ce ba don Gizo ba da ta yi ƙarya, ta ɗora masa kayan, ta fita da hannunta a wanke. Tsakanin buɗewa da rufewa kura na magana, tsuntsu na kai saƙo, dodo na neman aure, ba mai musu. To, a gwada canja doka a tsakiyar hanya. Kakar da ta ce dodo ba ya shiga ruwa, can gaba kuma ta tsallakar da shi kogi ba bayani, za ta ji ƙaramin jikokinta ya ɗago kai: "Kaka, ba ke kika ce ba ya shiga ruwa ba?" Yaron bai tambaya ko akwai dodo a duniya ba. Alkawari aka yi masa aka saɓa. Lamarin tamkar ciniki ne a kara: kafin a sallama, mai saniya na iya kafa duk sharaɗin da ya ga dama, mai saye ya karɓa ko ya yi gaba, amma bayan an sallama an biya la'ada ba a fito da sabon sharaɗi.

Da wannan ma'auni, fim ɗin Ant-Man na 2015 ya ci amanar mai kallo ƙuru-ƙuru. Shi da bakinsa ya bayyana cewa rigar jarumin tana matse tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin zarra ne, shi ya sa mutum zai koma ƙanƙani amma naushinsa na nan na babban mutum. Idan haka ne, nauyinsa ma na nan. Sai ga shi yana hawa bayan tururuwa tana tashi da shi. Sai kuma ga tsohon da ya ƙirƙiri rigar yana yawo da tankar yaƙi ta gaske a jikin makullinsa, ya matse ta ta koma abin wasa, aljihunsa ko yagewa bai yi ba. Da sun yi shiru tun farko sun ce sihiri ne, da ba wanda zai kama su. Su suka kawo bayani, bayanin ya kama su.

Ba duk abin da ake kira kuskure ne kuskure ba, ya kamata a faɗi wannan. Ɗalibin kimiyya a jami'ar Wudil, wadda aka buɗe a 2001 aka kuma sauya mata suna zuwa na Aliko Ɗangote a 2022, zai iya zana maka lissafi a bayan takardar tsire: wanda ya faɗo daga tsayin mita 100, in an ajiye turjiyar iska a gefe, yana isowa ƙasa da gudun kusan kilomita 160 a awa. Jarumin da ya tare shi da hannayen da harsashi ba ya hudawa bai cece shi ba, wurin mutuwa kawai ya canja masa. Masu rubuta Spider-Man sun taɓa bin wannan gaskiyar a 1973, lokacin da jarumin ya cafko budurwarsa Gwen Stacy da zarensa tana faɗowa daga kan gada, fizgar ta karya mata wuya. Wani malamin kimiyya a Amurka, James Kakalios, ya yi amfani da labarin a littafinsa na 2005 kan kimiyyar irin waɗannan jarumai. Lissafin na da daɗi a majalisa, yana kuma koyar da ɗalibi. Amma Superman na 1978 da ya cafe Lois tana faɗowa daga saman bene bai taɓa yi mana alkawarin bin littafin kimiyya ba. Laifin wannan fim na can ƙarshensa: Lois ta mutu, jarumi ya fusata ya yi ta kewaya duniya da gudu har lokaci ya koma baya, ta tashi. Daga ranar, duk wanda ya mutu a gabansa sai mai kallo ya tambaya me ya hana shi sake kewayawa.

Nan ne kalmar makari take shigowa, kalmar da nake ganin ta fi kowace bayyana abin da ke riƙe labarin jarumtaka. A wurin Bahaushe ba asirin da ba shi da makari, ba kuma ƙaƙƙarfan da ba shi da lago. Ba ina magana ne a kan ko waɗannan abubuwa na ci ko ba sa ci ba, ko hukuncinsu a wurin malamai. Yadda suke aiki cikin labari nake nufi. Ɗan tauri ƙarfe ne ba ya kama shi, ba a ce kulki ba ya fasa masa kai ba. Layar zana, baduhu, sagau, kau-da-bara, kowanne a bakin masu ba da labarinsa yana zuwa da sharaɗi: kada ka ci kaza, kada ka taɓa kaza, kada ka faɗa wa kowa. Sharaɗin shi ne labarin. Tun da aka faɗe shi mai sauraro ya san ranar karya shi na tafe, jiran ranar ne ke hana shi barci. Mutanen Mali ma haka suka gina labarin Sunjata: Sumanguru, sarkin da makami ba ya kamawa, sai da aka yaudare shi ya faɗi makarinsa, ƙaimin zakara, sannan aka ci shi a Kirina wajen 1235. Jerry Siegel da Joe Shuster sun fito da Superman a 1938 ba tare da makari ba. Sai a 1943, a wasan rediyo, aka shigo da dutsen nan kiriftonait da ke kashe masa jiki. Shekara biyar Amurkawa suka yi kafin su gano abin da kowace kaka a bakin kogin Wudil ta sani kafin ta buɗe baki.

Finafinan Indiya da ake fassarawa da Hausa, irin waɗanda Algaita ta yi suna a kansu, suna da nasu matsayin. A Baahubali na biyu, na 2017, an lanƙwasa itatuwan giginya an harba mayaƙa rungume da garkuwoyinsu suka tsallake ganuwa. Ana cewa "ƙarya" a nan ma, amma da annashuwa, domin fim ɗin tun daga fitowar jarumi ya nuna kirari yake yi, kirari kuwa ba a auna shi da mudu. Haka marigayi Rabilu Musa Ibro, ɗan Ɗanlasan da ke nan maƙwabtan Wudil, wanda ya rasu a Disambar 2014: ba wanda ya taɓa neman lissafi a camamarsa. Doka ɗaya ce ta ɗaure shi, ita ce ta ɗaure Gizo: hali. Gizo na iya mutuwa yau ya tashi gobe, amma ranar da ya ga abinci ya kau da kai ya bar wa Ƙoƙi, yara za su ce ba shi ba ne.

Sai batun dace. A Avengers: Endgame na 2019, duk ceton duniya ya rataya ne a kan ɓera. Ant-Man ya maƙale shekara biyar a duniyar ƙwayoyin zarra, sai wani ɓera ya bi ta kan na'urar da ke cikin motar da aka jefar a ma'ajiya, ya taka maɓalli, mutum ya fito da dabarar komawa baya. Masu sharhi a Turai sun daɗe da ƙyamar irin wannan. Tun Aristotal yake ganin abin da ba zai yiwu ba amma ya shiga hankali ya fi abin da zai yiwu amma hankali ya ƙi. Mu kam mun fi su haƙuri da dace, domin mun tashi da sanin cewa ƙaddara ta riga fata. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar rubutun 1933, Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna ta karo da juna gari bayan gari kamar ƙasar ba ta da faɗi, ba kuma wanda ya taɓa ajiye littafin don haka. Sai dai a duba: duk haɗuwarsu sabuwar rigima take haifarwa, ba fitar da marubuci daga rami take yi ba. Ƙaddarar da ke cikin labari ba daga sama take sauka ba, wani ne ya zauna ya zaɓe ta da alƙalami, don haka ana iya tuhumarsa. Wanda ya ɗaure jaruminsa ya rasa yadda zai kwance shi, ya aiko ɓera, bai nuna ikon Allah ba, gajiyarsa ya nuna.

Shi kuwa Thanos, mugun Infinity War na 2018, an fi yi masa tambayar da ba ta kama shi ba. Ya tara duwatsu shida, ya ƙyasta yatsu, rabin masu rai suka zama toka, wai don abinci ya ishi sauran. Kowane dillali a karar Wudil ranar Juma'a zai warware masa lissafin kafin ya gama shan fura: in rabin mutane sun tafi, rabin shanu ma sun tafi, naman da ke gaban kowa bai ƙaru da tsoka ɗaya ba. Ga shi kuma ɗan Adam ba ya tsayawa. Mutanen duniya biliyan 4 ne a 1974, suka kai biliyan 8 a 2022. Duk wahalar Thanos ba za ta yi shekara hamsin ba. Amma wannan ba ɓaraka ba ce a labari. Azzalumi mai gurguwar dabara da ya yarda da kansa, ai ba sai an je sinima ake ganinsa ba. Wautar mugu hali ce, hali kuma gaskiya ne.

Ɓarakar gaske tana bayan dawowar waɗanda suka zama toka a Endgame, kuma a nan ne idon mai kallo na Wudil ke ganin abin da na Los Anjalas bai cika gani ba. Shekara biyar cur mutanen nan ba sa nan. Babu gawa, babu wanka, babu jana'iza. Tambayar farko da za ta isa gaban alƙali ita ce: matattu ne ko ɓatattu? Idan matattu ne, tun da an ga sun zama toka a gaban shaidu, mata sun yi takaba wata huɗu da kwana goma, an raba gado, an sayar da gona, an tsaga gida an ja katanga. Idan kuwa ɓatattu ne, Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajiran ilimi ke karantawa a zaurukan ƙasar nan, ta tanadi hukunci: matar wanda ya ɓace za a yanka mata shekara huɗu bayan ta kai ƙara an bincika, sannan ta yi idda irin ta mutuwa, ta yi aure in ta so, dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai an kai shekarun da irinsa ba ya wuce su a raye. Shekara huɗu da 'yan watanni ba su kai biyar ba. Ke nan ta kowace fuska aka bi, mutum zai dawo daga toka ya tarar da matarsa a ɗakin wani, wataƙila da goyo, kuma a mazhabar Malikiyya in na biyu ya riga ya tare da ita, na farko ba shi da hanya. Yayan da ya ɓace yana ɗan shekara goma sha biyar zai dawo a goma sha biyar ɗinsa, ya tarar ƙanensa ya girme shi. Wa zai gaida wani da safe? Mai unguwar da ya ɓace an naɗa wani a gurbinsa, ga shi ya dawo da rawaninsa. Kanawa dai ba sa buƙatar a yi musu bayanin abin da ke biyo baya idan kujera ɗaya ta samu masu ita biyu.

Endgame ya tsallake duk wannan ya tafi fagen yaƙi, aka yi ta rungume-rungume. Daga baya kamfanin Marvel ya ɗan taɓo zancen, da barkwanci a Spider-Man na 2019, da ɗan nauyi a shirin The Falcon and the Winter Soldier na 2021, inda aka nuna waɗanda dawowar ta raba da muhallinsu. Amma labarin da ya fi kowanne girma a cikin lamarin, na gida ɗaya da mutum ɗaya ya dawo cikinsa, an bar shi a ƙasa. Marubutan littattafan soyayya na Kano da sun samu wannan jigo, da sun fitar da littafi mai kashi huɗu ba su taɓa dutse ko ɗaya daga cikin shidan ba.

Batman na 2012 ba ya buƙatar dogon zance. An karya masa baya, an jefa shi kurkukun rami a wata ƙasa mai nisa, dukiyarsa ta ƙare, birninsa an karya gadojinsa an rufe, sai kawai ga shi yana tafiya a titin Gotham. A fim ɗin ne kuma aka tura kusan duk 'yan sandan birni cikin ramukan ƙarƙashin ƙasa a lokaci guda, aka toshe su ciki wata da watanni. Ɗalibin shekarar farko a Kwalejin 'Yan Sanda ta Wudil da ya rubuta wannan dabara a jarrabawa, ban ce zai ga shekara ta biyu ba.

Gwanin mai labari yana jin tambayar mai sauraro kafin a yi ta. A labarin Bayajidda, baƙo ya kashe macijin rijiyar Kusugu da dare ba mai gani. Mai sauraro zai ce: to yaya aka san shi ne? Labarin bai jira ba. Gari ya waye, masu cika baki suka fito kowa na cewa shi ne, aka ce a kawo kan macijin, sai a wurin baƙo aka same shi. Wurin da zai zama ɓaraka ya zama wurin da ya fi daɗi. Black Panther na 2018 ya yi irin wannan. Duk ɗan Afirka da ya ga ƙasar Wakanda ta cikin fim ɗin da arzikinta da makamanta zai tambaya: ina kuke lokacin da ake kwasar bayi, ina kuke lokacin da Turawa ke raba ƙasa? Maimakon a share tambayar, sai aka sa ta a bakin Killmonger, abokin gabar jarumin, ta zama ita ce rigimar fim ɗin gaba ɗaya, har sarkin Wakanda da kansa ya koma yana tuhumar kakanninsa. Shi ya sa ko wanda bai damu da rigar ƙarfe da tsalle-tsalle ba yake fita daga wannan fim da abin tunani.

Jarumai masu baiwa ba baƙi ba ne a wurinmu. Tarihin Kano ya kawo Barbushe na Dala, mafaraucin da ke kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka. Bello Kagara ya ba mu Ganɗoki, wanda ya fafata da Turawa ya wuce har ƙasar aljannu. Ahmadu Ingawa ya ba mu Iliya Ɗan Maiƙarfi. Umaru Dembo ya kai yaro sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969. Kayan aiki jibge suke. Idan ana hirar dalilin da Kannywood ba ta fitar da irin waɗannan jarumai a fim ba, kullum kuɗi da na'urorin haɗa hoto ake ambata. Gaskiya ne suna da tsada. Amma ɓarakar da ta fi yawa a finafinanmu ba ta kuɗi ba ce: haɗarin motar da ke zuwa daidai lokacin da marubuci ya rasa yadda zai yi da kishiya, bokan da asirinsa ke ci a kashi na ɗaya ya daina ci a na biyu ba dalili, attajirin da ba a taɓa ganin sana'arsa ba, wasiyyar da ke fitowa daga ƙarƙashin katifa minti biyar kafin a tashi. Ba ɗaya a cikinsu da kwamfuta za ta gyara.

Don haka kirana ga duk matashin da ke shirin ɗora Barbushe ko Ganɗoki ko wani sabon jarumi a faifai: kafin ka nemi mai ɗaukar hoto, zauna ka rubuta a takarda abin da jaruminka ke iyawa, abin da ba ya iyawa, mene ne makarinsa, wa ya san shi, da abin da mahaifiyarsa za ta ce ranar da ta gane. Ka karanta wa yaran gidanku da dare. Duk inda ɗaya daga cikinsu ya ce "Yaya, ba kai ka ce ba…", koma ka gyara wurin kafin ka kashe ko sisi.